Tafiyar Rano a keke ranar Lahadi: ta Karfi za mu bi ko ta Tiga?

Auwalu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Kamar yadda muka fara magana bayan dawowarmu daga Wudil, ina so mu tsayar da zancen tafiyar Rano kafin Laraba saboda masu aiki da masu shago su san yadda za su tsara kansu. Shawarata mu haɗu a Na'ibawa bayan asuba, da gari ya ɗan yi haske mu ɗau hanya, mu haye gadar Tamburawa, in mun kai Karfi wajen masu masara sai mu bar titin Zariya mu kama hanyar Bunkure har Rano. Daga Karfi ɗin nan motoci sun ragu sosai, sai 'yan a-kori-kura da masu babur da amalanken shanu, ga gonaki hagu da dama. Kuma dan Allah tun yanzu in faɗa, ba tsere za mu je yi ba, za a tsaya a Bunkure, za a tsaya a Rano a gaisa da mutane a ci abinci a huta. Wanda yake da magana ya yi yanzu.

Sadik: Wa alaikumus salam Yaya Auwalu. Ni dai gaskiya ina da magana. Karfi zuwa Bunkure ai shimfiɗe take kamar tabarma, wlh ƙafarka ba za ta san ta yi aiki ba sai dab da Rano. Tunda muka ce duwatsu muke nema me zai hana mu miƙe titin Zariya mu wuce Kura mu shiga Tiga mu ga dam, daga nan mu ɓullo ta Rurum mu sauko Rano, sannan mu dawo ta Bunkure? Wajen Rurum ne ake samun hawa da gangara na gaske tsakanin duwatsu, wanda ya taɓa bi ya sani. Mun yi wata biyu muna zagaye BUK sabuwa da titin Gwarzo, ya kamata a ce yanzu mun gwada kanmu.

Injiniya Kabiru: Sadik ka yi lissafi kuwa? Kano zuwa Rano ta Karfi bai kai kilomita 60 ba, zuwa da dawowa ka ga an doshi 120 kenan, kuma a cikinmu mutum nawa ne suka taɓa yin 100 a rana ɗaya? Zagayen da kake faɗa ya fi haka nesa ba kusa ba. Sannan akwai abin da kullum ake mantawa, iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa. Da safe in mun nufi kudu tana bayanmu tana tura mu, kowa zai ji shi gwani ne, ana ta hira ana kilomita 25 a awa ba wahala. Amma dawowa fa? Ita za mu fuskanta tun daga Rano har Na'ibawa, ga rana ta take, ga ƙura a maƙogwaro, ga ƙafa ta riga ta gaji. Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a hawan Rurum a Bunkure zai zauna.

Sadik: Toh Injiniya ai shi ya sa ake atisaye. In kullum muna tsoron nisa yaushe za mu iya?

Usaini: Ni tambayata ma daban ce, ku yi haƙuri. Wai me ake nema ne a Ranon da sai an je a keke? Mota tana nan a tasha. Ni na shigo guruf ɗin nan ne saboda likita ya ce in dinga motsa jiki saboda hawan jini, kuma zagayen da muke yi cikin gari ya ishe ni. Amma a ɗauki magidanta a jera su a titin Zariya tsakanin tireloli da tankokin mai, ni abin bai kwanta min ba. Kuma akwai wani abu da yake damuna, mutanen ƙauyen nan keke a wurinsu ba wasa ba ne, da shi suke kai buhun masara kasuwa, da shi suke ɗebo ruwa jarka huɗu, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ma da yawa sun ajiye babur sun koma kansa dole. Sai mu kuma mu zo musu da kekunan da kuɗin ɗaya zai sayi nasu da yawa, muna wucewa fuuu muna ɗaukar hoto. Ni kunya nake ji gaskiya.

Auwalu: Malam Usaini wallahi maganarka ta biyu ita ce ainihin dalilin da ya sa na ce za a tsaya. Bari in ba ku labarin abin da ya same mu bara, waɗanda suke nan sun sani, sababbi ba su sani ba, kuma ba zan faɗi sunan garin ba. Mu bakwai ne, mun fito daga wata hanyar burji muka shigo gari da gudunmu, hanya ta ratsa ta ƙofar wani gida, ashe zaman makoki ake, tabarmi a shimfiɗe har bakin hanya dattawa sun cika wurin. Babu wanda ya taka birki a cikinmu, babu wanda ya yi sallama, muka bule su da ƙura muka wuce, uku daga cikinmu kuma da matsattsen gajeren wandon nan na tsere. Muka je bakin rijiya a ƙarshen gari muka tsaya shan ruwa, wani ya ciro waya ya fara ɗaukar mata masu ɗiban ruwa. Ba a yi minti biyar ba sai ga wani dattijo ya taho a kan tsohon kekensa, ya jingine shi a jikin bishiyar darbejiya, ya yi mana sallama, ya ce 'ya'yana daga ina. Muka ce daga birni. Ya yi shiru, sannan ya ce to a birnin an daina yi wa mamaci addu'a ne? Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Bai zage mu ba, bai ɗaga murya ba. Muka juya muka tura kekunan da hannu har ƙofar gidan, masu gajeren wando suka tsaya daga nesa, muka tsuguna muka yi ta'aziyya aka yi fatiha, aka kawo mana fura a ƙwarya cike. Wanda ya ɗauki hoton ya goge a gaban dattijon. Tun daga ranar na ce duk tafiyar da ni na shirya, in an shigo gari an rage gudu, an yi sallama, kuma dogon wando a sama ko ba a tafi da kai ba.

Nura: Ina cikin bakwai ɗin nan. Haka aka yi.

Sadik: Ban ƙi maganar sallama ba Yaya, wa zai ƙi wannan. Amma wandon nan fa ba don gayu ake sa shi ba, soso ne a cikinsa, in ka yi awa biyar a kan siririn sirdi babu shi ba za ka iya zama washegari ba. Kuma dogon wando mai faɗi cen yana kama shi.

Nura: Ka sa naka daga ciki ka ɗora wandon motsa jiki a kai, ƙafar dama ka cusa ta cikin safa. Haka nake yi kuma cen bai taɓa kama min ba.

Malam Habu: Salamu alaikum, yanzu na gama duba takardun yara na ga saƙonni sun taru. Usaini ka tambaya me ake nema a Rano, bari in ɗan ce wani abu tunda tarihi nake koyarwa. Rano ɗaya ce daga cikin Hausa bakwai, tare da Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Biram. A labarin da aka gada na 'ya'yan Bawo, da aka raba aiki, Kano da Rano su aka kira sarakunan baba, wato rini, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir yaƙi. To ka duba hanyar da za mu bi, ƙasar nan ta kudu da birni ita ce ƙasar marina, Kura da ke gaba kaɗan da Karfi sunanta ya kai har cikin Sahara saboda baƙin rawanin nan mai sheƙi da Buzaye suke naɗawa, ɗan Kura. Yaran da nake koyarwa sun haddace Hausa bakwai kamar karatun allo amma ka tambaye su ina Rano take, wani zai nuna maka gabas wani arewa. Ni kaina na shekara ina faɗin sunan a aji kafin in taka garin, kuma a mota na je, na sauka a tasha na yi abin da ya kai ni na dawo, ban ga komai ba. Ranar da na je a keke ne na gane abin da littafi yake nufi, domin tun daga nesa kana tafe a fili sai ka ga duwatsun sun fara tasowa a gabanka kaɗan kaɗan, ƙafarka ta fara jin nauyi, sai ka fahimci dalilin da ya sa mutanen da suka zaɓi su zauna a gindin dutse. Ga wurin hango maƙiyi, ga wurin fakewa. Haka Dala, haka Santolo, haka Fanisau. A mota gilas a rufe ana jin rediyo ba za ka ji wannan a jikinka ba.

Usaini: Malam na ji wannan, kuma na gode. Amma tirelolin fa?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum, ku gafarce ni na shigo maganar maza, da lambata aka sa Khalifa a guruf ɗin saboda ba shi da waya tukuna. Tun jiya yake damuna wai sai ya bi ku Rano, shekararsa 15. Ni 'yar Rano ce haihuwa da girma, aure ne ya kawo ni Kano, don haka abin ya taɓa min zuciya ta biyu. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa da Raleigh ɗinsa yake zuwa birni, baƙi mai kariya a baya da ƙararrawa, ya ɗaure kaya da igiyar roba ya fita tun kafin kiran assalatu, ya sayar ya yi sayayya a Kurmi ya kwana wajen ɗan'uwansa washegari ya dawo mana da gurasa da alewa. Ina tuna yadda yake goge keken nan da tsumma da ɗan bakin mai duk Juma'a, babu yaron da ya isa ya taɓa. Don haka ina son yaron ya san hanyar da kakansa ya bi. Amma lokacin Baba babu irin motocin nan, ni titin Zariya nake tsoro, daga Na'ibawa zuwa Karfi ɗin nan. Ku faɗa min gaskiya Malam Auwalu, in ɗanka ne za ka bar shi?

Auwalu: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, Hajiya. Gaskiya tsakani da Allah, a'a, ba zan bar ɗana ɗan 15 ya bi titin Zariya a keke ba, kuma ba zai iya zuwa da dawowa ba. Amma akwai mafita, ku ɗan jira mu ji maganar mota.

Injiniya Kabiru: Maganar mota ita ce amsar Malam Usaini ma. Ni zan kawo motata buɗaɗɗiya, ƙanina zai tuƙa. Daga Na'ibawa zuwa Karfi tana bayanmu da fitilun gargaɗi a kunne, mu kuma layi ɗaya, ba bibbiyu ba, a hannun dama tare da motoci, kar wanda ya bi hannun da ba nasa ba irin yadda wasu suke yi wai don su ga motar da ke tahowa. Na gaba in ya ga rami ko yashi ya nuna da hannu ya yi magana, na bayansa ya isar. Kowa da hular kwano, da riga mai haske, babu abin jin waƙa a kunne. Wanda kuma ba ya son titin Zariya kwata-kwata, irin su Khalifa da Malam Usaini in ya yarda, a ɗora kekensa a mota a sauke shi a Karfi ya fara daga nan. Dawowa ma haka, wanda ya gaji ya hau, babu abin kunya a ciki.

Malam Habu: Wannan ya yi. Hajiya Allah ya jiƙan mahaifi. Irin su ne ma ya kamata a ce an zauna an naɗi labarinsu.

Sadik: Toh in akwai mota ai maganar Tiga ta ƙara sauƙi kenan, wanda ya gaji ya hau.

Injiniya Kabiru: Mota ɗaya ce Sadik, ba za ta rabu biyu ba. Kuma ta Tiga sai ka ninka zamanka a kan titin Zariya, ka wuce Kura ka wuce Kwanar Gafan, yanzu kuma lokacin kayan lambu ya fara, manyan motoci suna tsayawa suna lodi a bakin titi. Abin da muke gudu kenan.

Baba Ɗanlami: Salamu alaikum yarana. Jikana ne yake rubuta min ina faɗa. Shekara sama da 40 ina gyaran keke, tun ana kawo Raleigh da Phoenix a kwali muna haɗawa. Ku bar gardamar hanya ku ji ta taya. Siririyar tayar nan taku mai faɗin milimita 25 ko 28 ta kwalta ce kawai. Yanzu kaka ce, an yi girbi, tsidau ya bushe ya zube ko'ina a gefen hanya, shi da kashin yawo. Tsidau kuwa duk yadda ya faɗi da ƙaya ɗaya a sama yake kwana. Kuskuren da kuke yi, in za ku tsaya sai ku gangara gefen hanya a kan keken ku shiga inuwa, to a nan kuke kwasa. Ka sauka tun kana kan kwalta, ka ɗaga keken a hannu ka kai shi inuwa, in za ka tashi ka shafa tayar da tafin hannu a hankali ka duba. Kowa ya zo da tiyub biyu nasa, da faci da sholisho, famfo ko uku sun isa duka tafiyar amma a duba bakin famfon ya dace da siririn bawul, domin mai faci na ƙauye famfonsa na babur ne da keken gida, ba zai shiga naku ba. In an yi faci kuma kar a yi gaggawa, a kankare wurin, a shafa sholisho siriri a bar shi ya sha iska har ya daina sheƙi sannan a manna. Kuma kafin ka mayar da tiyub ka zagaya cikin tayar da yatsa, ƙayar tana nan a maƙale, in ba ka cire ba sabon ma zai tafi. Cen kuma kar ku cika masa mai a hunturu, ƙura yake kamawa ya zama kamar tuwo ya cinye haƙoran giya. Ɗigo kaɗan a goge da tsumma.

Nura: Baba Allah ya ƙara lafiya. Abin da ya same ni a hanyar Wudil kenan, tiyub biyu a cikin rabin awa, ashe ƙayar ban cire ba.

Baba Ɗanlami: Na gani ai da ka kawo. Sannan ku kula da shanya. Lokacin nan mutane suna baza shinkafa da barkono da dawa a gefen kwalta, wani ya sa duwatsu ya tokare. Kar wanda ya taka wa mutane abinci, kuma in tayarka ta hau kan hatsi zamewa za ta yi kamar ka hau boris.

Aminu: Ni sabo ne a nan, ina ta karantawa. In duwatsu ake so me ya sa ba a maganar Riruwai? Na taɓa zuwa da aiki, wallahi duk jihar Kano babu wuri mai tsaunuka irin Doguwa, ga sanyi ga tsofaffin ramukan haƙar kuza tun zamanin Turawa. Ko kuma Kazaure da Roni ta arewa.

Auwalu: Barka da zuwa Malam Aminu. Riruwai kam babu kamarta, amma ta yi nisa da tafiyar yini ɗaya, kuma sai an ratsa dajin Falgore, ni ba zan ɗauki alhakin jera mutane a keke a cikin dajin nan ba. In za a yi sai dai a kai kekuna a mota, a kwana, a samu 'yan gari su yi mana jagora. Kazaure tana cikin lissafi, amma ba ranar Lahadi ba, ranar kasuwar Dambatta take ci, hanyar cike take da motocin shanu.

Malam Habu: Kazaure in za a je ni ina ciki, domin a haɗa da Fanisau labarin ya cika. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, a Fanisau ya yi sansani lokacin da yake fama da Ɗan Tunku, shi kuma Ɗan Tunku shi ya kafa masarautar Kazaure. Shi ya sa har yau akwai gidan sarki a Fanisau kuma ake hawan Fanisau bayan salla. Ga ta nan bayan filin jirgi, yaro ma zai je ya dawo kafin azahar, amma mutum nawa ne a guruf ɗin nan suka taɓa hawa duwatsun wurin? Sadik kuma kar ka ga kamar ina gaba da hanyarka, ni ma ina son ɓangaren Tiga saboda Bebeji. A 1903 da rundunar Turawa ta taso daga Zariya ƙarƙashin Kanar Morland, a Bebeji aka fara tare su, suka fasa ƙofar garin da igwa, sannan suka ƙaraso Kano ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu ba ya gari. Ita kanta Tiga a zamanin Audu Bako aka gina ta, tsakanin 1971 da 1974, kuma ruwan da za mu gani a magudanai wajen Bunkure daga can yake zuwa, shi ya mai da Kura da Kadawa da Garun Malam ƙasar shinkafa da tumatir da alkama har da rani. Wannan tafiya ce ta kanta, ba a haɗa ta da Rano a yini ɗaya a yi ta a guje.

Sadik: Malam ka san a 1903 ɗin nan dai aka fara babbar gasar keke ta Faransa? Ni abin da yake cina kenan. Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci koriyar riga, wato rigar wanda ya fi tara maki, a gasar a 2024, Ruwanda ta karɓi baƙuncin gasar duniya a Kigali a 2025, Burkina Faso suna da tasu gasar tun 1987. Mu Kano da muka fi kowa yawan masu keke ba mu da komai, saboda duk wanda ya ce zai yi gudu sai a ce masa ya tsaya a sha fura. Ba raina tarihi nake ba wlh, amma akwai yara a unguwarmu da in suka samu horo za su yi nisa, kuma horo ba ya yiwuwa ana tsayawa duk kilomita 15.

Malam Habu: Wannan magana ce mai kyau kuma ban raina ta ba. Amma maganar fi kowa yawan masu keke a bar ta, ba mu ƙirga ba.

Auwalu: Sadik na fahimce ka yanzu fiye da ɗazu. Abu biyu ne muke ta cusawa a buhu ɗaya. Horo daban, ziyara daban. Ka tsara ranar Asabar ta masu gudu, ka zaɓi hanyar da ba ta ratsa tsakiyar gari ba, ni da kaina zan zo in riƙe muku agogo. Amma ta Lahadin nan ziyara ce. Na riga na yi magana da wani abokin aikina ɗan Rano, zai tarye mu a bakin gari, ya kai mu mu gaida mai unguwarsu kafin mu doshi wajen duwatsu, domin ba a hawa dutsen mutane ba a sanar da su ba, wani wurin akwai gonaki a gindi wani wurin maƙabarta. Hoto kuma na dutse da hanya da junanmu, mutum sai an tambaye shi, mata kuwa a bar su kawai.

Sadik: Toh na yarda da Asabar ɗin. Amma ina roƙon abu ɗaya, in mun isa Rano an gaisa an ci abinci, ni da Nura da duk mai ƙarfi a bar mu mu taɓa hanyar Rurum ko kilomita 10 ne mu juyo kafin ku gama hutawa. Mu dai mu ɗanɗana hawan.

Nura: Ni ban ce zan je ba tukuna, sai na ga yadda ƙafata ta yi a Bunkure.

Injiniya Kabiru: In za ku je to da sharaɗi, ku uku aƙalla, kuma ƙarfe 12 kuna Rano. Mu yi azahar a can mu juyo, ina so a ce kafin la'asar sakaliya mun bar titin Zariya, hazon yamma direba ba ya ganin mai keke sai ya zo dab da shi. Kowa gora biyu ta ruwa, akwai jarka a mota, ku zuba dabino ko ƙuli-ƙuli a aljihu, kar a jira sai an ji yunwa, mai keke in yunwa ta kama shi a hanya ƙafar ce take mutuwa gaba ɗaya.

Usaini: Toh ni dai har yanzu titin Zariya ban yarda da shi ba, kuma ba zan hau shi ba. Amma in za a sauke ni a Karfi zan gwada zuwa Bunkure, in na ji jiri in hau mota. Zan tambayi likitana gobe tukuna. Kekena mai faɗin taya ne, ba zan riƙe ku ba?

Auwalu: Ba za ka riƙe kowa ba, ni ne na ƙarshe a layi, tare za mu tafi.

Maman Khalifa: To Malam Auwalu na amince Khalifa ya bi mota zuwa Karfi, amanarsa tana hannunka da Injiniya. Zan kira yayata a Rano ta dama muku fura ta yi dambu, ku nawa ne? Kuma dan Allah in kun shiga gari a kai shi ya ga gidan kakansa, keken Baba yana nan a rataye a zaure har yanzu, tayoyin ne kawai suka mutu.

Baba Ɗanlami: Hajiya in Raleigh ce ta asali kar a bari kowa ya saya a hannunku. Injiniya in da wuri a motar ku taho min da ita in gani, tayar inci 28 ta keken gida har yanzu ana samu.

Maman Khalifa: Sai na tambayi yayyena maza Baba, ba ni kaɗai ke da ita ba.

Auwalu: Zuwa yanzu mu 11 ne har da Khalifa da direba. Wanda bai rubuta sunansa ba ya rubuta kafin Laraba da dare saboda a faɗa wa masu abinci. Malam Aminu kana ciki?

Aminu: Ina ciki in sha Allah, amma hular kwano ce ba ni da ita, kuma birkina na baya yana ƙara.

Nura: Ina da guda biyu, zan zo maka da ɗaya.

Baba Ɗanlami: Kawo keken gobe bayan la'asar in duba birkin, kar ka bari sai Asabar, ranar shagon cika yake.